Guzurin Tsibiri

Tun ranar da Alhaji Nasiru ya ga hoton Alhaji Illo a Dubai, tsaye a kan wani dogon bene yana riƙe da kofin shayi, abinci ya daina yi masa daɗi. Su biyu ne masu motocin haya da ake ji da su a tashar Birnin Ƙonni, kuma tun suna yaran mota babu mai yarda ɗaya ya riga shi, ko da shiga masallaci ne. Dubai kam an riga shi. Don haka ya sa matarsa Nabila ta binciko masa a waya inda ɗan Ƙonni bai taɓa takawa ba. Ta kuwa binciko wasu tsibirai can tsakiyar teku, wai su Maldib, inda sai an hau jirgi daga Yamai, a sauka, a sake hawa, sannan a shiga wani ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa kamar agwagwa.

Yayarsa Ummul-Khairi, wadda duk gidan ke kira Yaya Ummu, ita ce ta ƙarshen jin labarin, ko da yake a kanta aikin zai sauka. Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin da ke jikin madafa. Ita ke girki, ita ke wanke yaran nan uku ta shirya su zuwa lakwal, wato makaranta, ita ke goyon na ƙarshen idan ya yi rigima, kamar yadda ta goyi ubansu. Babu wanda ya taɓa ce mata ta yi, babu kuma wanda ya taɓa ce mata ta huta.

Nabila ce ta kawo mata wayar har bakin murhu don ta ga otel ɗin. Yaya Ummu ta goge hannu, ta kai wayar daf da idonta na hagu, ta daɗe tana dubawa. Bukkoki ne na ciyawa a kan dirkoki, ruwa ya kewaye su ta ko'ina, babu ko akuya.

"Allah sarki," in ji ta. "Ambaliya anka yi musu?"

Nabila ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira mijinta ya zo ya ji. Shi kuma ya gyara tsayuwa ya yi bayani cewa ɗakunan nan na cikin ruwa su ne mafi tsada, sai manyan duniya ke kwana ciki, kana daga kan gado kana ganin kifi yana wucewa ta ƙarƙashinka. Yaya Ummu ta tambaye shi ko ba irin ɗakin ciyawar Baba ba ne, wanda shi Nasiru ya rushe ya ce kunya yake ba shi gaban baƙi. Alhaji Nasiru ya ce ai da bambanci, waccan ciyawar Ƙonni ce.

Abin da ya sa take kai waya daf da fuska kuwa, amodari ne. Ciwon ya daɗe yana cin fatar idonta har ta lanƙwashe, gashin idon ya juya ciki, duk ƙiftawa sai ya karce ƙwayar. Na dama ya riga ya yi fari, ba ta ganin komai da shi. Da na hagu take tsince shinkafa, da shi take gane wane yaro ne ya shigo da ƙafa ba takalmi. Akwai matsefata rataye a wuyanta da zare, kusa da carbi. Idan hantsi ya yi, Takama, wata Buzuwa mai tallar cuku da suka saba, takan ajiye faifanta, ta ɗora kan Yaya Ummu a cinya, ta cire mata gashin ɗaya bayan ɗaya. Sai ta samu sauƙi na kwana biyu, kafin su sake tsirowa gajeru, masu tsini fiye da na da.

Takama ce ta zo da labarin masu aikin ido. Sun sauka a likitar Ƙonni, wato asibitin garin, kyauta suke yi, ƴar tsaga ce a fatar ido a mayar da gashin waje, mutum ya koma gida ran nan. Sharaɗi biyu ne kawai: a zo da mai jan hannu, domin za a rufe idon, sannan a nisanci hayaƙi na mako guda. Sau ɗaya suke kewayowa a shekara, daga Ƙonni su yi Malbaza, su ƙare a Badagishiri. Yaya Ummu ta tuna abin da majon unguwarsu, malamin asibiti, ya gaya mata bara, cewa idon nan ɗaya da ya rage ba zai jira wata shekara ba. Ranar ta yi girki tana ƴar waƙa, abin da aka daɗe ba a ji ba.

Da safe ta sami ƙanenta yana karyawa, ta durƙusa gefe ta gaya masa. Ya ajiye cokali, fuskarsa cike da tausayi na gaskiya, don Alhaji Nasiru ba mugu ba ne, kowa zai shaida.

"Haba Yaya, wanga har abin tambaya na? Idonki ai idona na. Bari dai mu hita daga zancen guzuri, ni da kaina zan kai ki."

Zancen guzuri kuwa ba ƙarami ba ne. An ce Alhaji Illo ya dawo daga Dubai ya rame, saboda ganye da ɗanyen kifi aka yi ta ba shi, kuma Alhaji Nasiru ya rantse ba za a ga haƙarƙarinsa a tasha ba. Aka yanka rago. Za a yi dambun nama, a yi soye, a daka yaji, a tankaɗe kuka, a haɗa daddawa da busasshiyar kuɓewa, a narka man shanu. Akwai murhun gas sabo fil a gidan, amma maigida ya ce dambun da bai ji hayaƙin itace ba audugar katifa ne, kuma duk Ƙonni babu mai hannun Yaya. Wannan yabon shi ya zaunar da ita gaban murhu daga safe har la'asar, hawaye na zuba, tana sharewa da bakin zane, tana juya nama.

Shi ma dai bai zauna ba, a yi masa adalci. Ya gano cewa duk wanda ke cikin hotunan otel ɗin cikin ruwa yake, shi kuwa rabonsa da ruwan da ya wuce gwiwa tun yana yaro. Sai ya sa aka kawo masa robar cikin tayar babbar mota, aka hura, ya ɗaura gajeren wando, ya shiga tankin siminti da ake tara ruwan gidan. Nabila na tsaye da waya tana karanta masa yadda ake buga ƙafa, shi yana ta shan ruwa yana tari, yara na leƙe ta taga suna neman shiɗewa. Da ya fito ya ce abin ba wuya. Ruwan girki ne ya yi wanka a ciki, don haka Yaya Ummu ce ta kwashe shi da bokiti, ta wanke tankin, ta jira famfo ya dawo.

Kafin dambu ya bushe, masu aikin ido sun naɗe kayansu sun yi Malbaza. Alhaji Nasiru ya ce Malbaza ai bayan ɗaki ce, motocinsa nawa ke ratsa ta kullum. Sai dai a makon ne aka kira shi da Nabila Yamai kan takardun tafiya, suka yi kwanaki, suka dawo da akwatuna masu taya da wata hular kaba mai faɗi da Nabila ta saya da tsada, irin wadda masu noman albasa ke sawa. Da Yaya Ummu ta sake tuna masa, ya dafe kai ya ce wallahi tana ransa. Nabila ta ce gaskiya ita tsoron aikin kyauta take, ido ba abin wasa ba ne, gara a bari su sayo mata magani a can, na ƙasar waje ya fi ƙarfi. Ta ƙara da cewa in an rufe wa Yaya ido yanzu, wa zai riƙe yaran, ita ga ta da ɗinki wajen tela bai gama ba.

Ana jibi tafiya wata mai kwalliya ta tsallako daga iyaka, ta yi wa Nabila ƙunshi, ta manna mata gashin ido na kanti, dogaye baƙaƙe, in ta ƙifta har iska suke bayarwa. Ta zo madafa ta sunkuya gaban Yaya Ummu ta tambaye ta ko sun yi kyau. Yaya Ummu ta ɗaga idonta da ya yi jawur, ta duba iyakar dubawarta, ta tambaya ko ba sa sukar ta.

"A'a Yaya, ai waje suke kallo."

"To madalla," in ji Yaya Ummu. "Nau ciki suka kallo."

Nabila ta yi dariya, ta ce Yaya akwai ban dariya, ta wuce.

Yaji aka bari na ƙarshe don kada ya huce. Yaya Ummu ta wuni tana dakan barkono, tana atishawa, hancinta ya toshe har ba ta jin warin daddawa, idon kuma ya kumbura ya koma kamar an zuba masa yashi. Takama ta zo ta duba, ta ce yau ba za ta sa matsefata a wurin nan ba, tsoro take ji. A haka Yaya Ummu ta ƙulla guzurin cikin leda, da lalube, tana shafa kowane gari da yatsa. Akwai kwanuka biyu na koren gari a kan tabarma, ɗaya kuka, ɗaya ragowar lallen da mai ƙunshi ta bari. Ta ɗauki wanda ya fi kusa ta ƙulle.

Ran tafiya unguwa ta cika ƙofar gida. Alhaji Nasiru ya damƙa mata makullai, ya ce gida da yara amana ne a hannunta, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce direbansa Hamani yana sauke su a filin jirgi zai juyo, ran Alhamis ya kai Yaya Badagishiri a motar gida, mai sanyi, a yi mata aikin ido. Mata suka yi ta sa masa albarka, ana cewa samun ƙane irin wannan sai an tona. Motar ta tashi, ta bi ta gaban buron Alhaji Illo, wato ofishinsa, ta kewaya ta sake bi, ko da yake ba hanyar Yamai ba ce.

Alhamis ita ce ranar ƙarshe ta masu aikin. Yaya Ummu ta sallami yara lakwal, ta roƙi maƙwabciya ta karɓe su in sun taso, ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na salla, ta zauna a zaure ita da Takama, wadda ta bar tallarta don ta ja mata hannu. Duk ƙarar motar da ta ji sai ta gyara mayafi. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Takama ta ce su tafi tasha kawai, Yaya Ummu ta ce a'a, in Hamani ya zo bai same ta ba, Alhaji zai ji kunya. Sai da aka kira la'asar sannan Takama ta samo lambar Hamani wajen wani mai shago. Yana Yamai, gidan ƙanwarsa, yana cin shinkafa. Ya ce a bakin filin jirgi Alhaji ya ce masa ya zauna ya jira dawowarsu, zuwa da komowa ɓarnar mai ce. Zancen Yaya kuwa, wallahi ba a yi masa ba.

Ba su gama jin wannan ba wayar gidan ta yi ƙara. Alhaji Nasiru ne daga tsakiyar teku. Zuciyar Yaya Ummu ta yi sanyi, ta ce ashe ya tuna.

Abin da ya faru shi ne, kwana biyu da sauka Alhaji ya gaji da abincinsu, dambu kuma an karɓe shi tun a wani filin jirgi, an ce ba a shiga da nama. Sai ya sa aka kira masa babban kuku na otel ɗin, mai doguwar farar hula, ya ba shi ƙullin koren gari da daddawa, ya koya masa da hannu da ƙafa yadda ake kaɗa miya da yadda ake tuƙa shinkafa ta yi tuwo. Aka kawo a faranti mai murfin azurfa, kuku da yaransa suka jeru suna jiran su ga yadda ake cin abincin Nijar. Miyar ta fito ja-ja, ba yauƙi, tana warin gidan biki. Don kada ya ba da ƙasarsa, Alhaji ya naɗe hannun riga ya yi loma uku yana murmushi. Yanzu ga shi cikinsa na juyawa, yatsunsa sun yi ja kamar na amarya, kuma gobe ne za a ɗauke su hoto a jirgin ruwa.

"Lalle, Yaya! Lalle kinka ƙulla min! Mutum da girmanai, ya zo ƙasar mutane ya sha lalle? Ke ba ki duba abu kahin ki ƙulle?"

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, a hankali, "Nasiru, yau Alhamis."

"Nan ma Alhamis ta. Mi ya gama wanga da miya?"

Ta ji muryar Nabila daga nesa tana cewa ya tambaya ko ƙaramin ya ci abinci. Ta ce ya ci. Layin ya yanke.

Tun da take, Yaya Ummu ba ta taɓa jin haushin ƙanenta irin na ranar ba, kuma haushin ya ba ta kunya, kamar ita ce ta yi laifi. Washegari da sassafe ta bar makullai wajen maƙwabciya, Takama ta ja ta zuwa tasha. Yaran Alhaji Nasiru suka gaishe ta har ƙasa, suka ce sai dai ba su da izinin ba da wuri in ba Alhaji ya faɗa ba. Kamashon Alhaji Illo ne ya hango su, ya zo da gudu ya buɗe mata gidan gaba, yana murna kamar an yi masa bushara, don ya san labarin zai kai inda ake so ya kai.

Sun isa Badagishiri rana ta ɗaga. Bencinan likitar babu kowa, sai ɓawon gyaɗa da tsummokaran auduga. Majon wurin ya ce masu aikin sun tafi tun jiya da yamma, sai baɗi in Allah ya kai mu. Ya zaunar da ita, ya buɗe idon da yatsa, ya haska ƴar fitila. Daga baya ya ce gyambo ya fito a kan ƙwayar, zai ba ta man shafawa ya kashe zafin, amma tabon da zai bari babu mai kankare shi. Ya tambaye ta me ya hana ta zuwa tun suna Ƙonni, ga shi a ƙofar gidanta. Takama ta buɗe baki, Yaya Ummu ta matse mata hannu.

"Aiki ya yi muna yawa, ɗana," in ji ta.

Zafin ya kwanta cikin ƴan kwanaki, kamar yadda majo ya faɗa. Abin da ya biyo baya shi ne hazo, fari, mai kauri, wanda take gane rana da dare a cikinsa, sai kuma inuwar mutum idan ya tsaya a bakin ƙofa. Ta koyi gane yaran da tafiyarsu. Ta ƙone a hannu sau biyu kafin ta gane nisan tukunya daga zafinta. Ba ta fasa girki ba, domin yara ba su fasa jin yunwa ba.

Matafiya suka dawo wata ranar Lahadi, gida ya cika da ƴan sannu da zuwa. Alhaji Nasiru ya yi baƙi, ya sa riga mai hoton itatuwan kwakwa, ƙumbarsa har yanzu da sauran ja, yana ɓoye hannun a aljihu. Aka baje tsaraba a tsakar gida, ƴan kunne na katantanwa da kwalabe cike da farin rairayi. Maganin ido dai ba a samu sukunin nema ba, amma Nabila ta tuna da Yaya a filin jirgi, ta sayo mata baƙin tabarau mai ruwan zinariya a gefe. Ta sa mata da hannunta, mata suka ce Yaya ta koma yarinya.

A Ƙonni har gobe in ana lissafin masu zumunci sai an sa Alhaji Nasiru, mutumin da ya riƙe yayarsa shekara da shekaru, ci da sha da sutura, bai taɓa ɗaga mata murya gaban mutane ba. Duk gaskiya ne. Bai taɓa ce mata a'a ba. Kullum to yake cewa, kuma da to ɗin nan aka cinye idon.

Da baƙi suka ragu ya jawo kujera kusa da tabarmarta, ya ce ya yafe zancen lalle, ya wuce. Ya buɗe hotuna, ya sa mata wayar a hannu.

"Cire tabarau ki gani, Yaya. Ga ni nan cikin ruwa, ba roba ba komi. Dubi shuɗin ruwan ga, ko a mahwalki ba ki taɓa ganin irinai ba."

Ta cire tabarau. Ta ɗaga wayar daf da fuskarta yadda ta saba, sai dai bayan wayar take kallo, hoton yana fuskantar shi. Ya yi dariya ya kai hannu zai juya mata, sai ya ga idon. Hannun ya tsaya a nan.

"Ma sha Allah," in ji Yaya Ummu. "Ya yi kyau ƙwarai."

Nabila ta ce, da ƙaramar murya, ai da Yaya ta faɗa abin ya kai haka.

Yaya Ummu ta ajiye wayar a kan tabarma, ta miƙa hannu tana lalube har ta sami gwiwarsa, ta bi ta kama damtsensa, ta matsa, irin yadda take yi masa yana yaro in ya dawo daga tafiya.

"Sun dai ba ka abinci can?" ta tambaye shi. "Hwaɗa min, Nasiru, ka yi ƙiba ko ka rame?"